Bin Sawu: Kwamfutarmu da Injin Markaɗen Maƙwabci

 Mun san abin da aka saba kawowa nan ya shafi alƙalami ne: yadda ake buɗe labari, yadda ake gina tauraro, inda ake sa waƙafi da aya. Yau a yi mana haƙuri, labarin wata tsohuwar kwamfuta muka zo da shi, da wani yaro da muka zalunta a kanta. Wanda ya daure ya kai ƙarshe zai ga inda zancen ya haɗu da rubutu.

Mu shida ne 'yan ƙungiyar marubuta da ke zaune a Dogarawa, nan bakin hanyar Kano in an wuce Kwangila. Muka yi shawarar fitar da kundin gajerun labarai goma sha biyu, kowa ya kawo biyu. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san nauyin da ke kansa in ya ɗauki biro, domin a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, a nan kuma Abubakar Imam ya yi mafi yawan aikinsa. Sai muka ga abin kunya ne a ce shekara da shekaru muna taro, ba mu da ko littafi ɗaya da za mu nuna.

Kuɗin kai aiki wurin masu buga takardu ya fi ƙarfinmu, don haka muka yi karo-karo muka sayi laftof ta hannu. Windows ta yi mata nauyi, sai biyu daga cikinmu da suka yi difloma a fannin kwamfuta suka sa mata Ubuntu 20.04, wato wani nau'i na Linux da ake samu kyauta. Abin da ya ƙara ja mana ra'ayi shi ne tana da tsarin madannai na Hausa, ana samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Muka ajiye ta a shagon yayan sakatarenmu, inda yake sayar da littattafai da kayan makaranta. A can ƙurya akwai wani katako da aka kafa a jikin bango, shi ne teburinmu.

Muka raba aiki. Manyan cikinmu duk muna da abin yi da rana, sai bayan sallar isha'i muke zama. Ƙaraminmu, wanda muke kira Auta, bai daɗe da gama sakandare ba, kuma a gidansu ba a barin sa ya kai dare a waje. Shi aka bai wa daga la'asar zuwa magariba. Ya fi kowa saurin hannu, ya fi kowa son aikin, muka yanka masa ɗan abin da zai sayi sabulu daga asusun ƙungiya.

Ba a yi mako biyu ba ya fara kawo ƙorafi. Ya ce kwamfutar tana daskarewa, ya danna harafi ba ya fitowa, sai ta ga dama ta dawo. Mu kuwa da dare lafiya lau take aiki. Muka ce masa ya rage buɗe abubuwa da yawa, ya daina sa filashin abokansa. Ya rantse bai sa komai ba. Wata ranar Laraba ta daskare masa ya fi minti biyu, haushi ya kama shi, ya danne maɓallin kashewa. Ashe a daidai lokacin tana cikin adana aiki ne. Da aka kunna, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Labarai uku suka tafi, ciki har da na ma'ajinmu, wanda ya riga ya yar da takardun da ya rubuta da hannu.

Muka kira zama. Ba za mu manta da yadda yaron nan ya tsaya a bakin ƙofa ba, yana murza hularsa. Ya ce, "Wallahi Yaya, ni na lura, in mai markaɗe ya tayar da injinsa ne take yin haka." Muka kwashe da dariya. Ɗayanmu ya ce, "Kai Auta, me ya haɗa kifi da kaska? Injin mai ne, ba wuta ɗaya muke sha da shi ba, kwamfutar ma a kan batir take." Maganar ta yi mana daidai a kunne, ga ta kuma daga bakin mai difloma. Muka yanke hukunci: a riƙe kuɗinsa na watan a kai gyara, a kuma cire shi daga aikin. Bai ce uffan ba, ya juya ya tafi.

Muka kai ta wurin wani mai gyara a PZ, cikin Sabon Gari. Ya kunna ta ya yi ta dannawa, ba ta nuna masa komai ba. Ya ce wataƙila bairos ne daga filash, ya goge ta tas ya sake sa mata manhaja. Muka biya muka dawo. Wata guda cur tana aiki ba ko tari. Muka riƙa cewa juna, "Ka gani ko? Tun da yaron nan ya bar taɓa ta, shi ke nan." Hujja ta zauna mana daram.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sakatarenmu ya samu hutu a wurin aiki, ya ce bari ya riƙa zuwa da yamma don mu cike gurbin abin da ya ɓata. Ran farko, wajen biyar saura, ta daskare masa. Ran biyu ma haka. Babu filash, babu Auta. Ya kira mu a waya, muryarsa a sanyaye. Duk da haka ba wanda ya ambaci injin markaɗe, domin girman kai bai bari ba. Muka ce dai akwai wani abu, a bincika.

Wani abokinmu da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, shi muka gayyato. Ya saurare mu har muka gama jero zato: zafi ne, batir ne, ƙura ce, mai gyara ne ya canza wani abu. Ya ce, "Duk kun faɗi abin da kuke tsammani. Akwai wanda ya tambaye ta kuwa?" Daga nan karatu ya fara, kuma za mu ɗan tsaya a kansa, don sai an fahimci yadda ake tambayar na'ura za a gane abin da ya biyo baya.

A cikin kowace babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta ko waya akwai wani ɓangare da ake kira kanel. Shi ne ke tsakanin manhajojin da muke gani da ƙarafan da ke ciki. Manhajar rubutu ba ta da ikon taɓa faifan ajiya da kanta. In tana son ta adana labarinka, sai ta roƙi kanel, shi ya sa roƙon a layi, ya miƙa wa faifai, ya jira amsa, ya dawo mata da ita. Kamar shugaban tasha ne: shi ke cewa motar wane ce a layi, wa zai yi lodi, wa zai jira. Kanel ɗin Linux wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991 yana da shekara 21. Yau ya haura layin rubutu miliyan 30, kuma duk mai riƙe da wayar Android, da shi yake yawo a aljihu.

Wahalar ita ce, in manhaja ta yau da kullum ta samu matsala, ana iya tsayar da ita a duba cikinta, sauran na'urar na ci gaba da aiki. Kanel kuwa in ka tsayar da shi, komai ya tsaya, har allon da za ka duba da madannan da za ka danna. Tsohuwar dabara ita ce a cusa masa umarnin da ake kira printk a wuraren da ake zargi, ya riƙa rubuta "na iso nan, na wuce nan", a sake gina shi, a kashe na'ura a kunna. Wani lokaci ɗan jinkirin da wannan rubutun ke jawowa sai ya sa matsalar ta ɓuya, in an cire kuma ta dawo. Shi kansa Torvalds, a shekarar 2000, ya fito fili ya nuna ba ya son kayan tsayar da kanel a bi shi taki-taki, don a ganinsa suna sa mutum ya toshe alamar ciwo bai fahimci tushensa ba. Sai a 2008 irin wannan kayan aiki, mai suna kgdb, ya shiga kanel ɗin a hukumance.

Wata hanyar ita ce bin sawu. A nan ba a tsayar da komai. Ana dasa 'yan idanu ne a mashigai daban-daban na kanel yana cikin aikinsa, duk abin da ya gitta su rubuta lokaci da suna da tsawon jiran da aka yi. Wanda ya fi yin suna a farko shi ne DTrace, wanda Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal suka ƙirƙira a kamfanin Sun Microsystems, ya fito tare da Solaris 10 a 2005. Ya zo da ɗan ƙaramin harshensa mai suna D, wanda mutum zai rubuta tambayarsa da shi a layi biyu ko uku. A ɓangaren Linux aka yi SystemTap a 2005, sannan ftrace na Steven Rostedt ya shiga kanel a 2008. Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta tace saƙonnin sadarwa mai suna BPF, wadda Steven McCanne da Van Jacobson suka fito da ita a 1992. A 2014 Alexei Starovoitov da abokan aikinsa suka faɗaɗa ta, ta zama hanyar shigar da ƙananan umarni cikin kanel yana tafiya. A kanta ne Alastair Robertson ya gina bpftrace, wanda ya bazu daga 2018, kuma shi abokinmu ya sauko mana da shi a ranar.

Abu biyu suka burge mu game da waɗannan ƙananan harsuna. Na farko, gajarta. Kowace tambaya kashi uku ce: ina za a tsaya a sa ido, wane sharaɗi ne zai sa a kula, sai me za a yi in an gani. Misali: tsaya inda faifai ke dawo da amsa, in jiran ya wuce kaza, rubuta lokaci da sunan wanda ya yi roƙon. Wannan tsari sun gaje shi ne daga wani tsohon harshe mai suna AWK na 1977. Na biyu, tsaro. Kafin kanel ya karɓi abin da ka rubuta, akwai mai tantancewa a bakin ƙofa da zai bi shi layi-layi. In bai gamsu cewa umarnin zai kai ƙarshe ya tsaya ba, ko ya ga zai taɓa inda bai kamata ba, sai ya mayar maka da abinka. Saboda haka ne ake iya amfani da su a kan na'urar da ke tsakiyar aiki ba tare da fargabar za ta faɗi ba.

Abokinmu bai fara da babban makami ba. Ya fara da dmesg, wanda ke nuna littafin da kanel ke rubuta abin da ya same shi. A ciki muka ga wasu layuka da ke cewa ya jira faifai bai amsa ba, har ya sake ƙulla hulɗa da shi. Wannan ya cire zancen bairos. Sai ya kama manhajar rubutunmu, LibreOffice, da strace, wanda ke jero duk roƙon da manhaja ke aika wa kanel da tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka. Ya gargaɗe mu cewa strace yana rage wa manhaja gudu sosai, don haka ba a barin sa a kunne. Da ta daskare muka duba, sai ga shi ta tsaya ne a kan roƙo ɗaya, wanda ke cewa a tabbatar abin da aka rubuta ya sauka a faifai. Ashe manhajar ba ta da laifi, jira take yi. Kanel ma jira yake yi. Kowa faifai yake jira.

A nan ma'ajinmu ya ce to shi ke nan, faifai ya tsufa, a saya wani. Abokin ya ce, "In tsufa ne kawai, me ya sa ba ya yi da dare? Tsufa yana da agogo ne?" Muka yi shiru. Ya kunna wani ɗan shiri da ke zuwa tare da bpftrace, mai suna biolatency, wanda ke tara duk roƙon da aka aika wa faifai ya kasa su gida-gida bisa tsawon jira. Faifan laftof irin tamu yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa ɗaya. Zagaye guda yana ɗaukar kusan kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa. Da rana tsaka, kusan duk amsoshin suna dawowa a kusa da wannan. Da yamma kuwa sai wani tsibi na biyu ya bayyana can gefe, na roƙon da suka jira rabin daƙiƙa, daƙiƙa ɗaya, har fiye.

Sai ya zaunar da mu muka rubuta namu da hannunmu. Bai kai layi goma ba. Ma'anarsa da Hausa ita ce: duk lokacin da aka aika roƙo ga faifai, riƙe lokacin, in amsa ta dawo, cire ka ga tsawon jiran, in ya wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, rubuta ƙarfe nawa ne. Sau uku ana ƙin karɓa saboda kurakuranmu, a na huɗu ya shiga. Muka bar shi yana aiki daga azahar.

Har wajen huɗu da rabi allon fari fat, sai layi ɗaya ko biyu. Can sai layuka suka fara zubowa kamar an buɗe famfo. A daidai wannan lokaci, ta bayan bango, muka ji mai markaɗe ya ja igiyar injinsa ya tashi. Ba wanda ya kalli wani. Sakatarenmu ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon, ya ɗago ya ce, "Ku taɓa ku ji." Katakon yana rawa, wata 'yar siririyar karkarwa da ba ka jin ta sai ka nema. Shekara nawa muna shiga shagon nan, ƙarar injin ta zame mana kamar ƙarar tireloli a kan titi, kunne ya daina ɗauka.

Abokin namu ya ce kada mu sake yin gaggawar da muka yi a baya, faruwar abu biyu tare ba ta isa hujja ba. Ya sa ɗayanmu ya zauna a waje da agogo da littafi, yana rubuta lokacin da inji ya tashi da lokacin da ya mutu, ba tare da ya ga allo ba. Bayan awa ɗaya muka gwama da abin da kwamfuta ta rubuta, suka yi daidai har minti. Sannan, inji na tsaka da aiki, ya ɗauke laftof ɗin daga katako ya ɗora a cinyarsa. Layuka suka tsaya cak. Ya mayar, suka dawo. Sau uku ya yi haka.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san cikin faifan. Wasu fayafai ne ke juyawa, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansu ba ta taɓa su ba, tana bin layukan da suka fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. In abin da aka ɗora shi a kai yana karkarwa, allurar sai ta kauce wa layinta. Faifan kuma ba ya yarda ya yi rubutu a inda bai tabbatar ba, sai ya jira wani zagayen ya sake gwadawa, ya sake, ya sake. Namu da ya riga ya sha jiki, abin ya fi yi masa yawa. Yamma kuwa ita ce lokacin da yara ke layi da kayan miya don tuwon dare. Kafin isha'i mai inji ya rufe ya tafi gida. Lokacin Auta da lokacin inji ɗaya ne, mu kuma muka ɗauki wanda muke gani muka bar wanda ke bayan bango.

Abokin ya nuna mana wani ɗan bidiyo a wayarsa don mu san ba a kanmu aka fara ba. A ƙarshen 2008, wani injiniya ɗan Ostireliya mai suna Brendan Gregg, yana aiki a Sun, ya je gaban wata ma'ajiyar fayafai ya kwarara musu ihu, Bryan Cantrill yana ɗauka. Kayan awon da suka gina a kan DTrace suka nuna jiran fayafan ya yi tsalle a daidai lokacin ihun. A 2022 kuma Raymond Chen na kamfanin Microsoft ya ba da labarin yadda aka taɓa gano cewa waƙar Rhythm Nation ta Janet Jackson tana kayar da wasu laftof, saboda wani amo a cikinta ya dace da karkarwar fayafai masu juyi 5,400. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya tuna wata dariyar da muka yi wata biyu da suka wuce.

Gyaran kwamfutar bai ɗauki komai ba. Muka ɗauke ta daga jikin bango, muka samo ƙaramin tebur muka shimfiɗa masa soso. Daga baya muka koma PZ muka sayi SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, karkarwa ba ta dame shi ba. Muka kuma kafa doka: kowane dare a kwafi aiki a filash biyu, a tura ɗaya ta imel. Wannan dokar ita ce ya kamata mu fara da ita tun ranar farko. Auta ya danne maɓalli, gaskiya ne, amma mu manya ne muka tara ƙwai goma sha biyu a kwando ɗaya ba mu yi kwafi ba.

Gyaran da ya fi wuya shi ne ɗayan. Muka haɗa kuɗin da muka riƙe masa, muka tafi gidansu mu biyar ranar Juma'a bayan la'asar. Mahaifinsa ne ya fara fitowa. Muka durƙusa muka gaishe shi, sakatarenmu ya ce, "Baba, mun zo ba da haƙuri ne. Mun ɗora wa yaronka laifin da ba nasa ba." Dattijon ya ce ai shi tun ranar ya ga yaron ya shigo ya ƙi cin abinci, da ya tambaye shi ya ce ba komai. Ya aika aka kira shi.

Muka yi masa bayani tun daga kanel har allurar faifai, muna ta jero sunayen kayan aiki. Ya bari muka gama tsaf, sannan ya ce, "Yaya, ai na faɗa muku." Ba da ɗaga murya ya faɗa ba. Ya ce shi ba abin da ya sani game da kwamfuta, amma kullum shi kaɗai ne a shagon, kuma duk lokacin da ta tsaya sai ya lura da abin da ke faruwa a kusa. Har a bayan littafinsa ya riƙa rubuta lokutan. Ya shiga ya ɗauko ya nuna mana: ranaku tara, kowace da lokacinta, a gefe an rubuta "inji". Abin da muka yi da bpftrace, yaron nan ya riga ya yi shi da biro. Ranar zaman yana da littafin a aljihu, dariyarmu ce ta hana shi fito da shi.

Ya karɓi kuɗin bayan mahaifinsa ya sa baki. Ya ce ya yafe. Amma labaransa biyu da ya janye daga kundin bai mayar ba, ya ce ya riga ya ba wasu. Kundin ya fito da labarai goma. Yana zuwa taro jefi-jefi yanzu, yana zama a baya, kuma in ana muhawara ba ya cika sa baki kamar da. Muna fata lokaci zai gyara, amma ba mu da tabbas, kuma ba mu da bakin yi masa gaggawa.

To 'yan uwa, ga inda zancen ya iso gare mu. Sau nawa ake turo labari a ce a duba, mu amsa da "bai yi daɗi ba", ko "ba ya jan hankali", ko "marubucin bai iya ba"? Wannan daidai yake da cewa kwamfuta ta yi bairos. Suna ne muka laƙaba wa abin da ba mu bincika ba. Tun bayan abin nan muka canza yadda muke nazarin aikin juna. Muna ba mutum uku labari, kowa da fensir, mu ce kada ka gyara komai, kada ka faɗi ra'ayi. Duk inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri, yi ɗigo. Duk inda ka koma baya don ba ka gane ba, ja layi. Inda ka ajiye takardar ka duba waya, rubuta lokaci. In an tattara, sau da yawa ɗigon mutum ukun a shafi ɗaya suke taruwa. Kuma abin mamaki, ciwon ba kasafai yake zama a inda ɗigon yake ba. Mai karatu ya gaji a shafi na bakwai ne saboda a shafi na biyu ba a ba shi dalilin damuwa da tauraruwar ba. Daga nan sai a gwada: a canza abu ɗaya tak, a ba wasu mutum uku, a ga ko ɗigon ya matsa.

Haka nan in sabon marubuci, ko ƙanwarka da ba ta taɓa rubuta komai ba, ta ce maka "ni dai daga nan na daina ganewa", kada ka tambaye ta takardar shaidarta. Wataƙila ba za ta iya faɗa maka dalili ba, kuma maganin da za ta kawo yana iya zama kuskure. Amma wurin da ta nuna, ita ta zauna a kansa, kai ba ka zauna ba. Je ka ɗora hannu ka ji.

Kwamfutar tana nan tana aiki, mun fara tara labaran kundi na biyu a cikinta. Mai markaɗe har yau bai san an taɓa yin shari'a a kan injinsa ba, muna gaisawa kullum. Mun aika wa Auta cewa gurbi biyu na nan mun bar masa, in ya ga dama. Bai ba da amsa ba tukuna.

Allah Ya ba mu ikon sauraro kafin hukunci, Ya yafe mana inda muka yi kuskure. Sai mun ji daga gare ku.